Tiyon Birkila a Babur ɗin Febi

Lahadi, 8 ga Satumba, 2019

Yau na shigo unguwarmu ta Yara da abin kallo a bayan motar yashi. Babur mai ƙafa huɗu, ja, tayoyi kamar na tarakta da ba ta gama girma ba. Rabin unguwa ba su koma cin abinci bayan sujadar coci ba, suna tsaye a ƙofar gidana. Matata Lea ta zagaya shi ta ce, "Baban Febi, wannan mota ce ko akuya?" Na ce idan ya haihu za mu gani.

Na injiniyan da muke gina wa gidaje a wajen Karshi, ta gefen Abuja, ne. Da shi yake zagayen wurin aiki, ya lalace, ya kwana damina biyu a gindin mangwaro. Ya ce in ɗauke masa shi daga gabansa. Ni abin da na hango tun ranar farko: totur da babban yatsa ake danna shi, birki a hannu, giya ɗan ƙarfen hannu ne, gaba da baya. Ba abin da ƙafa take yi sai zama.

Febi ta samu jami'a, a nan Keffi. Za a fara karatu bakwai ga Oktoba. Tun da shan inna ya kama ƙafafunta ni ne motarta, in ɗaga ta kan babur ɗina, in sauke ta, firamare har sakandare. To amma firamare tana bayan gida, kuma a lokacin ita ba ta kai nauyin buhun siminti ba, ni kuma bayana bai fara magana ba. Yanzu in na tsaya kai ta da ɗauko ta, ba zuwa aiki. In na je aiki, ba karatu. 'Yan acaba mun gwada. Ɗaya ya kayar da ita a kwalbati, ya tsaya yana duba fitilarsa.

Febi ta fito. Ta zo da sandunanta, ta taɓa totur ɗin da yatsa, ta koma ɗaki.

Talata, 10 ga Satumba

Malam Dabo bakanike ya zo. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Birkila, ka rasa abin da zai kashe ka sai ka je Abuja ka ɗauko?" Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, muka aro batir. Ya tashi! Kajin Lea sun bar gida.

Alhamis, 12 ga Satumba

A fili lafiya lau. Da ya ga hawan bayan kasuwa sai ya yi tari, ya yi shiru. Sau nawa na tura shi yau, ban ƙirga ba, kunya ta hana. Wani mai lemu ya ce min, "Baba, ƙafa huɗu gare shi, kai biyu, kuma kai ke tura shi?" Da ba a kaina ba ne da na yi dariya. Na yi dai, kaɗan.

Kuma wannan hawan ba yadda za a kauce masa.

Asabar, 14 ga Satumba

Dabo ya gano. Famfon mai ne. Wani ɗan abu kamar gwangwanin tumatir, da wata roba a ciki da ke bugawa tana jawo fetur daga tanki. Robar ta bushe, ta tsage kamar diddigena. A fili tana kai ɗan abin da ya samu, a hawa injin ya nemi ƙari, babu.

Mun je shagon Obiora mai kayan gyaran injin. Ya juya abin a hannu, ya kira ɗan'uwansa a Apo, ya kira wani a Nnewi. Babu irinsa. Sai ya shiga ciki ya fito da famfon mota mai aiki da batir. Ya ce min, "Oga Yosiya, wannan Beljiyam ne. In ka sa shi, wannan abu zai hau dutse." Dabo ya ɓata fuska, ya ce na mota ne fa. Na ce ai ƙarfi muke nema, wa ya taɓa kuka da ƙarfi ya yi yawa?

Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ni ne mai ba bakanike fatawa.

Laraba, 18 ga Satumba

An sa. In ka murɗa makulli sai ka ji shi yana zzzz kamar sauro mai ƙiba. Na hau hawan kasuwa a guje, na ɗaga wa mai lemu hannu kamar ɗan takara. A saman hawan na tsaya in sha iska. Sai wari. Na duba ƙasa, fetur na zuba daga gindin kafireta kamar akuya na fitsari. Injin ya shaƙe, ya mutu.

Mai lemu ya taya ni turawa. Mutumin kirki ne ashe, bai ce uffan ba. Hakan ya fi zafi.

Dabo ya ce famfon ya fi ƙarfin maƙogwaron injin. Ana ɗura masa abin da ba zai iya haɗiyewa ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Da, yunwa ke kashe shi. Yanzu ƙoshi. Lea ta ce halin mazan gidan nan ne.

Litinin, 23 ga Satumba

Febi ta kira ni da yamma, ta nuna min waya. Wani mutum a wata ƙasa, da babur irin namu sak, yana surutu da Turancin da ko rabi ban kama ba. Ta fassara min. Idan famfo ya yi ƙarfi, sai a yi wa man hanyar komawa. A raba tiyon kafin ya shiga kafireta, reshe ɗaya ya ba injin abin da yake so, ɗayan ya mayar da ragowar cikin tanki. Ta zana min a bayan kalanda.

Na kai wa Dabo zanen. Ya ce haka ne, yarinyar ta yi gaskiya, da ma abin da yake tunani ke nan. (Da ma. Hm.) Ya sauke tanki, ya wanke shi da ruwa da omo, ya shanya, ya huda kusa da wuyansa ya sa ɗan bututun ƙarfe. Ya sa mahaɗi mai baki uku. Saura tiyo mai tsawo daga mahaɗin zuwa wuyan tanki. Ya ce sai baƙin roba mai zare a ciki, na mai. Obiora ba shi da mai wannan kaurin, wai kayansa na hanya.

Kayan Obiora kullum suna hanya. Ina ganin hanyar ce shagonsa na gaske.

Alhamis, 26 ga Satumba

Dabo ya tafi Panda, rasuwar kawunsa. Sai an yi bakwai.

Febi ba ta taɓa tuƙa komai ba a rayuwarta. Ko keke. Yaushe za ta koya?

Juma'a, 27 ga Satumba

Na gyara da kaina.

Ina kwashe kayan aiki daga buhu sai ga tiyon lebur ɗina. Farin nan mai garai-garai da muke cika da ruwa mu auna ko gini ya yi daidai. Na gwada a bakin bututun, ya shiga kamar don shi aka yi. Na yanke kamu uku. Na ɗaure bakunan da wayar ɗaurin rodi, na murɗa da fincis, ɗaurin da ya riƙe bene a Abuja ba zai kasa riƙe tiyo ba. Na bi da shi ta gefen injin, hanya mafi kusa.

Na murɗa makulli. Kai! Kana ganin fetur da idonka yana hawa, yana komawa tanki. Ba zuba, ba shaƙewa. Na kira Lea da Febi su gani. Na ce na Dabo baƙi ne, ba ka san me ke ciki ba, nawa kuwa ba ya ɓoye komai.

Febi ta ce, "Baba, mutumin ya ce roba ta musamman."

Na ce, "Mutumin ya taɓa gina bene?"

Ta yi dariya. Gobe filin firamare.

Asabar, 28 ga Satumba

Lahadi, 29 ga Satumba

Jiya na rubuta kwanan wata, hannu ya ƙi. Yau ma a kwance nake rubutawa, rubda ciki, a tabarma.

Jiyan na ɗora Febi a kai. Na nuna mata totur, birki. Zagaye na farko kamar kunkuru, ina tafe a gefenta. Na biyu ina sassarfa. Na uku ta bar ni. Ban taɓa ganin bayan Febi yana nisa da ni ba, koyaushe ko tana bayana ko tana hannuna. Tana ihu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Masu ƙwallo sun tsaya suna tafi. Ta daɗe tana zagaye, ni ina tsakiyar fili ina juyawa kamar fanka.

Sai na ga hayaƙi ta gefen dama. Na ɗauka ƙura ce.

Tiyon ya yi laushi da zafin salansa, ya kwanta a kansa. Daga baya na gane. A lokacin harshen wuta kawai na gani a ƙasan ƙafarta. Ta tsaya, ta kashe makulli, Allah ya ba ta wannan hankalin, famfon ya daina turowa. Amma sauka fa? Kowa a filin nan da ya yi tsalle. Ita ta zauna tana kallona.

Ban san yadda na isa ba. Na fizge ta, na juya da ita, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, muka zube tare. Mutane suka yi ta watsa yashi. Wutar ta mutu, ba ta kai tanki ba.

Ƙafar wandonta ta ci, ƙaurinta ya ƙone kamar faɗin tafin hannu. An wanke, an ɗaure a asibiti. Sun ce zai warke. Ni da napep aka kawo ni bakin layinmu, mutum uku suka shigo da ni kamar katifa.

Talata, 1 ga Oktoba

Ana faretin 'yancin kai a rediyo. Ni ko bayi sai Lea ta riƙe ni.

Na ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke shi. Ba wanda zai sake hawansa muddin ina numfashi. Lea ta ce to. Irin "to" ɗinta da ke nufin sai ka tashi ka kira su da kanka.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Fasto ya zo, ya yi addu'a, ya ce Ubangiji ya tsare. Matan zumunta sun zo da kunu. Kowa na cewa babur ɗin shaiɗan ne. Na bar su a haka, shaiɗan ya saba ɗaukar kayan wasu.

Da suka tafi Febi ta shigo, ta jingine sanduna, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Baba, ba babur ne ya kama da wuta ba. Tiyonka ne."

Na ce na sani.

"To me ya sa shi za a hukunta?"

Na ce ko tiyon zinariya aka sa, fetur fetur ne, ke kuma ba ki iya tsalle. Da na faɗa na so in kamo maganar in mayar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na sani tun ina ƙarama, Baba." Ta ɗauki sandunanta.

Na nemi abin dariya in jefa mata a baya. Ban samu ko ɗaya ba. Ni.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau aka fara karatu. Febi ta yi wanka tun safe, ta sa rigar da aka ɗinka don yau.

Napep ba ya shigo layinmu tun da ruwa ya ci hanyar. Lea ta samo ɗan acaba mai hankali, ta ce za ta ɗora ta da kanta. Ina jin su ta taga. "Riƙe wuyana. A'a, ba haka ba. Yaya babanki yake yi?" Sai ƙarar faɗuwa. Sai dariya, su biyu. Sai dariyar ta zama wani abu dabam. Ɗan acaban ya ce ku yi haƙuri, ya tafi.

Na ja jiki har bakin ƙofa da gwiwar hannu. Da na isa sun riga sun shiga ɗaki. Na zauna nan ni da kaji.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ba ta je ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ba ta je ba. Wata ƙawarta tana turo mata hoton allo a waya. Tana kwafa a littafi, ta rufe ƙofa.

Mai gyaran targaɗe ya zo ya taka min baya kamar mai kwaɓa laka. Na kira sunan kakata. Ba sauƙi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Da safe na ji muryar Dabo a tsakar gida. Ban kira shi ba. Ya leƙo ya ce, "Sannu, injiniya. An ce ka ƙirƙiro sabon murhu." Na ce ya fita min daga gida. Ya ce ba wurina ya zo ba, mai babur ce ta kira shi.

Mai babur.

Na yi ta magana daga tabarma. Na ce ni ne mai gidan nan. Lea ta shigo ta ajiye min koko, ta ce, "Sha, maigida," ta jawo ƙofa.

Duk yinin na ji su. Sufana na faɗuwa, Febi na karanto wa Dabo abin da ke waya, Dabo na cewa wannan mutumin bai san zafin Keffi ba. Kayan Obiora sun iso ashe, shi da kansa ya kawo tiyon, ya ce a gaishe ni, bai shigo ba. Na ji Febi na cewa, "Kawu Dabo, kada ya bi ta dama ko kaɗan. Ta hagu, ta saman firam, ko da ya fi tsawo." Ya ce an gama, ranki ya daɗe. Wayoyin da suka ƙone ma ya sake su.

Na ɗaga murya na ce a ɗaure da kyau. Dabo ya ce, "Da wayar rodi?" Har Lea ta yi dariya daga madafi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Suna coci. Na rarrafa na fita.

Tiyo baƙi, mai kauri, ko da farce ba ya lotsawa. Kowane baki da zoben ƙarfe mai noti. Ya bi ta hagu, an ɗaure shi a firam gaɓa-gaɓa, tsakaninsa da salansa injin ne gaba ɗaya. An sa wa salansar ma marfin ƙarfe. A hannun hagu wani ɗan makunni ja, na famfon shi kaɗai, inda yatsa zai kai ba sai an laluba ba. A gaba an ɗaure ɗan jan gwangwanin kashe wuta irin na mota, da maɗaurin sandunanta.

Na ja tiyon. Na sake ja. Na shinshina kowane mahaɗi kamar kare. Na nemi aibu da gaske, da zuciya ɗaya. Na koma tabarma kafin su dawo, gwiwoyina duk ƙasa. Lea ta kalli gwiwoyin, ta kalle ni, ta wuce.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta shigo da jaka a wuya. "Baba, zan tafi." Ba tambaya ba ce.

Na ce ban yarda ba. Ta ce ta ji. Ta tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu. Na juya fuska bango.

Ashe sun yi mata ɗan benci a gefen babur ɗin, ta zauna a kai, ta ja kanta sama da hannu, ta ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Lea ce ta gaya min. Ni zzzz na famfo kawai na ji, sai injin, sai ƙarar tana raguwa ta wajen kasuwa. Na kasa kunne in ji ko zai yi tari a hawan. Daga nan ba a jin hawan. Na sani. Na kasa dai.

Duk hayaƙin da ya shigo ta taga yau sai da na tambayi na mene ne. Lea ta ce na shara ne. Na maƙwabta ne. Na tuwonka ne, Baban Febi, ka bar ni in yi aiki.

Ta dawo da yamma. Ban tambaye ta komai ba. Ta yi ta ba uwarta labari da ƙarfi, a daidai tagata.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tana zuwa, tana dawowa. Mai lemu wai ya ba ta lemu kyauta. Ni da na tura babur a gabansa har na kusa mutuwa, ko ɓawo.

Na fara takawa da sanda. Ɗaya daga tsofaffin nata, an ɗaure mata katako don ta kai tsawona.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yau ranar komawa asibiti a duba bayan. Na fita zan lallaba bakin titi. Ta riga ta kunna, tana jirana. "Baba, hanyata ce."

Ba hanyarta ba ce.

Na ce ni ba na hawa abin da na ce a sayar. Lea ta ce to ka taka, ka isa ranar Kirsimeti. Na hau, don kada a ce na ji tsoro. Sai da Lea ta tura ni ta baya. Febi ta ce in riƙe ƙarfen gefe, kada in taɓa mata komai, kuma kada in yi magana a hawa.

Daga gida hancina a buɗe, hannuna ɗaya a ƙasa yana laluben tiyo. Sanyi ƙalau. Ta san ramukan layinmu fiye da ni, tana kauce musu saboda bayana, na lura, ban ce ba. A mahaɗar hanya wani direba ya so ya matse mu, ta danna masa oda, ta faɗa masa wata magana da ban san ta sani ba. Zan tambayi uwarta inda ta koya.

Bayan kasuwa akwai wani sabon bene da ake tadawa, ban taɓa lura da shi ba. Kusurwar hagu ta karkace, da ido ma ana gani, ko wane birkila ne Allah ya shirye shi. Ina cikin nuna mata, ina bayanin yadda ya kamata a ja igiya, sai ga ƙofar asibiti. Na tambaye ta yaushe muka hau hawan. Ta ce tun ɗazu, kana ta zagin ginin mutane.

Hannuwana biyu suna kan ƙarfen gefe. Ban san lokacin da na ɗago na ƙasan ba. Gajiya ce ta yi masa yawa, ina ji.

Likita ya ce ban da ɗaga abu mai nauyi, har abada in da hali. Na ce masa ai ba ni da abin ɗagawa yanzu. Ya ɗauka wasa nake, ya yi dariya, na taya shi.

Febi ta ce in jira ta a benci, in ta fito daga aji za ta biyo ta ɗauke ni. Na ce zan hau napep. Ta ce to.

Na jira.